Notin Mili a Ramin Inci

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar, ta bar ka kana fita? A gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.

Kawu, sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Makon jiya wata dattijuwa, matar wani likita da ya rasu, ta sa aka jawo tsohuwar motar mijinta garejina. Za a buɗe ɗakin shan magani da sunansa, tana so ta je a cikinta.

Na sauke kan injin, na tarar notuna biyu sun yi tsatsa, sai na jefar na ɗauko na awon mili, alhali ramukan na awon inci ne. Zagaye biyu suka shiga lafiya, a na uku suka cije. Hannuna ya gaya mini in tsaya. Na zura bututu a sifana na danna, zaren ramin, haƙoran da noti ke bi, ya zubo kamar gari.

Lokacin da muke koyon aiki a garejinka, ka sha faɗa mana cewa a da kowace masana'anta da irin zarenta, daga baya aka daidaita a kan inci, incin ma iri biyu, kafin mili ya zo ya cinye kasuwa. Ka ce a ƙirga haƙoran noti kafin a ɗaura. Mu kuwa a bayan idonka wa'azin noti muke kiran wannan, muna ƙunshe dariya.

Ɓarnar ba ita ta fi damuna ba. Da matar ta zo, na ce mata wanda ya riƙa gyara motar a da ne ya lalata ramin, har na kira shi ɗan koyo. Ta dube ni ta ce, "Shekara ashirin mutum ɗaya ke taɓa injin nan. Don an ce kai ɗan ƙanwarsa ne na kawo maka."

Ban san inda zan sa fuskata ba, kuma ban gyara maganar ba. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Dogo

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Direba ya kawo saƙonka: notuna biyu a tsumma mai maiƙo, da ƙarfen yanka zare, da takarda mai layi biyu. Na juya bayanta ina neman faɗa, babu. Da ka zage ni da na fi samun sauƙi.

Na bi yadda ka rubuta. Na faɗaɗa ramin, na dasa sabon ƙarfe, na yanka zaren inci a hankali, ina komawa baya bayan kowane rabin zagaye. Bugu biyu motar ta tashi.

Kafin in miƙa makulli na gaya wa matar gaskiya a gaban maƙwabtana masu walda da fenti. Ta ce ko na minti ɗaya ba ta yarda da ni ba, tsoronta kawai kada maganar ta kai kunnenka. Na ce ai ni da kaina na rubuta maka. Sai ta ce in wanke hannu in tuƙa ta wurin taron.

Ina nan tafe ranar Asabar. Abin da na rubuta, ina so in faɗe shi da bakina a gabanka.

Ɗanka,
Dogo