Hotunan Shagon Kaka

Baffa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya sanyin can?

Laburarenmu ya karɓi akwatunan hotunan da aka ɗauka a shagon hoto na Kaka. Muna ɗaukarsu da na'ura muna ɗorawa a wata manhaja ta kyauta, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara. Sai dai shugabanmu ya ce duk hoton da ba a san mai shi ba a mayar da shi sito, gara kuwa ta riga mu can. Cikin waɗanda suka yi aiki a shagon kai kaɗai ka rage. Ka taimaka.

'Yarka, Auta

Auta,

Ina amsawa. Sanyi yana nan, ciwon gwiwa ma yana nan.

Wato sai da gara ta taso aka tuna da ni. Ranar da marigayi babanki ya sayar da shagon, a bakin baƙo na ji. Amma ba ke kika kashe zomon ba, ko ratayar ma ba a ba ki ba.

Manhajar nan ce ta tsaya mini a rai. Na tsufa ina gadin ƙofar mutane, ban taɓa ganin wanda ya gina gida ya bar makulli a jiki ba. Su wa suka yi ta? Me suke ci? In ta lalace, wuyan wa ake kamawa?

Ki huta lafiya.
Baffanki

Baffa,

Barka da ƙoƙari. Mutane ne barkatai, ba su ma san juna ba. Da haruffanmu masu lanƙwasa suka ƙi fita na yi ƙorafi, wata mata a wata ƙasa ta gyara, ko godiya ba ta tsaya karɓa ba.

Ga hanyar shiga. Ƙarƙashin kowane hoto akwai gurbin rubutu. Ka duba wani saurayi da hannu cikin kwanon wanke hoto, an kasa gane shi, gobe za a mayar da shi sito.

Allah ya ƙara lafiya.
Auta

Auta,

Na shiga. Ashe ana jawo fuska har a ga gumin goshi. Na cike gurabe da dama, har telan da ya ci mini yadi na sa masa sunansa daidai.

Kada a taɓa hoton saurayin nan, babanki ne. Ki rubuta: mai wanke hoto, ya fi yayansa iyawa. Gaskiya ce, amma hannuna ya ƙi.

Ki buɗe akwati na gaba. Allah ya yi miki albarka.
Baffanki