Wani Yana Taɓa Mini Na'ura

Yaya Sunusi,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? An sako muku ruwan kanal a Bunkure kuwa?

Lafiyata ƙalau a Malesiya, sai dai aikin. Na'urar leza da na haɗa tana harba haske cikin zaren gilashi daidai kamar bugun zuciya, saboda wata siririyar fatar gawayi da na liƙa mata. Yanzu duk Litinin sai in tarar bugun ya rabu biyu. Abokin karatuna ya ce, "Zafi ne, Muhsina." Amma shi kaɗai ke shiga ɗakin gwaji ranar Lahadi.

Jiya na hango zanen sakamakona cikin takardarsa. Gobe zan sami malaminmu. Kada Inna ta ji, ku dai sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Muhsina