Igiyar da Aka Ɗaure Fanka da Ita

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya baƙunta? Albishirinka: matarka ta sauka ranar Talata, mun sami mace. Amma wata bakwai jaririyar ta yi a ciki, tafin hannuna ya kusa ɗauke ta. Tana asibitin unguwa, cikin akwatin gilas mai ɗumi. Na yi dariya, na yi kuka, kunya ba ta hana ni ba.

To, yanzu ka buɗe kunne, raina a ɓace yake. Fankar da ka kafa a bayan asibitin don iska ta ba su wuta ta kusa kashe mini jika. Jiya da azahar batura suka mutu, akwatin ya huce, ungozoma ta manna yarinyar a ƙirjin uwarta awa huɗu. Da muka zagaya baya, sai ga fukafukan fankar a ɗaure da igiya. Wai mai gadi ne ke ɗaure ta duk ranar da iska ta tsananta, don kada ta gaji ta karye. Sati guda ke nan! Na wanke shi tas a gaban jama'a.

Kai ma ba ka tsira ba. Ka kafa abu, an ɗauke ka hoto, ka tafi, ka bar takardar bayani da yaren da ba mai jinsa. Ni da na koyi karatu a ajin yamma da furfura a kaina, na juya ta sau uku, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Ka amsa yau.

Naka,
Babanka.

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso. Ashe fankar tana da birkinta, iska mai ƙarfin ma ita ce ke cika baturan. Wani mai walda ya hau ya kwance ta, kwana biyar wuta ba ta ƙifta ba. Da za a bar mutane su fahimci abin nan, da rabin janaretocin unguwarmu sun yi shiru. Yarinya ta fara kama nono, ta kuma damƙe mini yatsa kamar mai rigima.

Har yanzu fushi nake, sai dai ya sauya gida. Igiyar nan tawa ce. Ni na ba mai gadi, ni na ce ya riƙa ɗaurewa, don ina tsoron aikin ɗana ya faɗi a yi mana dariya. Da nake zaginsa ya dube ni kawai, bai tona ni ba.

Ka rubuto bayanin da Hausa, manyan baƙaƙe, in manna a jikin ƙarfen. Gobe da safe, sa'ad da layin asibiti ya cika, zan tsaya inda na tsaya rannan in faɗi mai igiyar.

Ka gaishe da abokan aikinka.

Ni ne,
Babanka.