Kaset ɗin fiton Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Doha. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya maigidanki da yara, ya sanyin Jos?

Yaya, na zubar wa mutum haƙori, gara ki ji daga bakina.

Tsohon Baturen da nake tuƙawa yana da kaset-kaset na shirye-shiryen rediyon ƙasarsu tun na yarintarsa, kiɗa da hira da barkwanci, na wuni guda cur. Ran nan a mota sai ga kiɗan da marigayi Baba yake yi da fito, wanda ya koya yana kuku a gidan Turawan kuza. Da na gaya wa Baturen, ya ciro kaset ɗin ya ba ni. Niyyata in aiko wa Inna.

Ranar Alhamis na saka, sai na ji muryar Sale, abokin ɗakina. Ashe ya naɗi saƙon gida a kai. Da na yi magana ya ce, "Khalas mana, ya isa haka, a kan kiɗan Nasara kake huci?"

Ban san sanda na shaƙe shi ba. Na haɗa bakinsa da ƙarfen gado, jini har kan darduma. Mutum uku suka ɓamɓare ni.

Jiya na sake saurare ko wani abu ya saura. Babu, sai Sale yana ce wa 'yarsa ta riƙa cin abinci. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Ki sa ni a addu'a, zuciyar nan ta fi ƙarfina. Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata.

Ƙaninki,
Habu