Tafin Hannun Namju

Andong, 9 ga Nuwamba

Ƙanwata Ok-rye,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya gwiwar taki? Ki daina hawa bene da kwandon kabeji, ke ba yarinya ba ce. Ni lafiyata ƙalau, sai dai wani abu da ya tsaya mini a rai.

Kin san ajin Turancin da nake koyar da manya a zauren unguwa. Ranar Talata muka zo kan kalmomin duka. Bature bai yarda a ce "ya buge shi" a wuce ba. Mari da kalmarsa, naushi da tasa, ƙwanƙwasa ƙofa daban, ɗan taɓa kafaɗa daban, jibga kuma daban. Tsofaffin nan suka yi ta shewa. Dattijo Bang, tsohon direban tasi, ya ce a ba shi ta jibga kawai, ita yake sha wurin matarsa kullum.

Akwai wata Pyo Namju, mai rumfar kirɓaɓɓiyar shinkafa a tsohuwar kasuwa. 'Yarta na aure a Kanada, jikarta 'yar shekara biyar ba ta jin yarenmu ko kalma ɗaya, abin da ya kawo ta aji ke nan. Na ce ta haɗa jimla, ta sa kalmar mari a wurin ƙwanƙwasa ƙofa. Na nufo ta ina riƙe da 'yar sandar da nake nuna allo da ita. Kawai sai na ga mace mai shekara hamsin da huɗu ta miƙe tsaye, ta miƙo tafukan hannunta biyu, ta runtse ido. Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa a tsayuwar nan na gane ta. Ɗalibata ce a makarantar 'yan mata, shekara arba'in da suka wuce.

Tun ranar ba ta dawo ba. To ni me na yi? Ubanta da kansa ya kawo mini tsumagiya, kamar yadda iyaye ke yi a lokacin, ya rusuna ya ce in sa masa 'yarsa a hanya. Kuskure ɗaya, bulala ɗaya. Haka aka yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba.

Ki gaida mutanen gidan.

Yayarki,
Ok-bun

Andong, 24 ga Nuwamba

Ok-rye,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin bai taɓa ku ba. Wasiƙarki ta iso tare da busasshen kifin, na gode. Faɗan da kika cusa a ciki ma na karanta. Wai ni ce mai taurin kai! To, na je rumfar Namju.

Na same ta tana kirɓi. Ta ajiye taɓarya, ta rusuna, ta jawo mini kujera. Ashe tun ranar farko ta gane ni. Ta ce, "Malama, ni fa ba fushi nake yi ba. Da na buɗe baki zan yi Turanci sai tafin hannuna ya hau zafi, kalmar ta gudu. In jikata ta kira a waya, sai dai in yi ta ɗaga mata hannu kamar kurma."

Ke dai bari. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zo da zancen ubanta da tsumagiyarsa a bakina, na haɗiye abina. Na miƙe a tsakiyar kasuwa, ni mai shekara saba'in da takwas, na sunkuya wa ɗalibata, na ce na zalunce ta, ta yafe mini. Ta ruɗe, ta riƙe ni tana cewa, "Haba Malama, mutane na kallo fa!" Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce aji kam ba za ta koma ba, amma in ƙafata za ta iya, rumfa a buɗe take.

Ki sha maganinki a kan kari.

Yayarki,
Ok-bun

Andong, 20 ga Disamba

Ƙanwata,

Ina fatan kuna lafiya ku duka. Yanzu kullum da hantsi ina rumfar Namju, tana kirɓi ina jefa mata jimla. Ta kafa mini doka: babu gyara sai ta kai ƙarshen maganarta. Ke kin san halina, wannan ya fi mini maɗaci ɗaci.

Jiya jikar ta kira, irin kiran da ake ganin juna. Namju ta goge hannu, ta ce mata da Turanci ga kaka tana bugun shinkafa, ko za ta ci? Jimla biyar ta yi, na ƙirga kuskure bakwai, na cije leɓe. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce za ta ci, kaka ta ƙara bugawa ta gani. Duk ta gane. Namju ta ɗauki taɓarya tana kirɓi tana hawaye, ni ma na juya na fuskanci bango.

Shekara talatin da biyar na yi ina dukan 'ya'yan mutane a kan abin da 'yar shekara biyar ba ta ma lura da shi ba. Irin Namju su nawa ne, ban sani ba, kuma ba ni da adireshin ko ɗaya.

Ki kula da kanki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Ok-bun