Tsakuwar da Ka Jefa a Gonar Magama

Zuwa ga Yaya Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane? Ƙanwarka ce Asma'u, daga Jibiya. Ka yi haƙuri da na rubuto a shafin nan inda kowa zai gani. Ka dai san ni, ko sallama na yi a gidan mutane sai an ce wa ke nan.

Ka tuna shukar ƙarshe kafin tafiyarka, a gonar Baba ta Magama? Kana sara, ina zuba gero ina takewa, da littafin soyayya a ɓoye cikin hijabina. Na ce wai me za ka je koyowa ne can? Ka ce ƙirar makulli.

Ka ce duk saƙon waya a kulle yake tafiya, kuma lissafi ne makullin. Amma ana ƙera wata kwamfuta, kwantam, wadda in ta ƙosa za ta ɓalle irin na yanzu. Har akwai masu tara saƙonnin mutane a kulle kamar hatsi a rumbu, suna jiran ranar. Na ce wayyo, don a littattafaina duk wasiƙar da ta faɗa hannun wani sai an yi kuka.

Sai ka jefa tsakuwa cikin layukan shuka, ka ce wane rami ya fi kusa da ita? Na nuna. Ka ce to, a ce gonar ba gabas da yamma, kudu da arewa kawai gare ta ba, kusurwa ɗaruruwa ce, layukan kuma a karkace. Mai mabuɗi kaɗai ya san miƙaƙƙun layuka. Saura, har kwantam ɗin, ba a san musu gajeriyar hanya ba tukuna. Wannan ne sabon makullin, sunansa Latis, in ji ka. Na yi dariya, na ce kamar ganyen salak. Ka ce, “Ke dai yi ta turo mini surutunki, ba mai ji sai ni.”

Na yi ta turowa, Yaya. Na ba ka labarin lokacin da aka rufe boda, motoci suka yi layi har direbobi suka kafa murhu a ƙarƙashinsu. Na ba ka labarin Zulai, ƙawata guda, da suka koma Maraɗi. Da kana amsawa. Sannan sai “ina zuwa, aiki”. Yanzu saƙon kan isa, ba a buɗe shi.

Ni zan iya jurewa, ina da littattafaina. Inna ce.

Kai ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba kuma za ta ce a kira mata kai ba. Sai dai tana tankaɗe, ba ta ko dubana, ta ce, “Wayar taki ba ta yi kuka ba yau?” In na ce a'a, sai ta ce, “To, ni dama ba wani abu ba.” In motar Katsina ta tsaya bakin titi, muciya kan tsaya a hannunta. Jiya ta daka yaji ta ɗura a kwalba, wai na wancan ne, ko an samu mai tafiya.

Makullinka ya yi kyau, Yaya. Ba wanda ya karanta saƙonnina, har kai. Shi ya sa na bar wannan a buɗe. Wanda duk ya san Nura na Jibiya mai lissafi, don Allah ya taɓa shi.

Ba sai ka amsa mini ba. Turo saƙon murya kawai, ko gaisuwa ce. Zan ajiye wayar kusa da turmi in shige ɗaki, don ta saurara ba tare da an gan ta ba.

Allah Ya ba ka nasara, Ya tsare ka, Ya karkato da kai gida.

Taka mai takewa a bayanka,
Asma'u