Kwalbar da Yaranka Suka Fasa

Zuwa ga Shugaban 'yan sintirin garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne Mamman Lawali, ɗan Hajiya Abu mai ƙuli-ƙuli, wanda yaranka suka yi wa jina-jina ranar kasuwar Dungas, kwana tara bayan Sallar layya. Ran nan ba wanda ya bari na gama magana, shi ya sa na rubuto kowa ya ji.

Na farko, aikina. Shekara uku ke nan ina jami'a, ina jan zare da ƙarfin lantarki daga ruwan wani ƙarfe mai suna nikel. Zaren ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. In an gasa shi, yana taimakawa a ciro makamashi daga ruwa ba hayaƙi. Amma in sabo ne ya sha iska, yana kama wuta da kansa, don haka ake toshe shi cikin kwalba. Zan kai shi gwaji Kano ne, na biyo in gai da tsohuwa.

Na biyu, abin da suka yi. Sun sauke ni daga kabu-kabu, suka zazzage jakata. Na miƙa takardun jami'a, mai riƙe da su ya juya su ƙasa a sama yana gyaɗa kai. Na ce don Allah kada a taɓa kwalbar. Sai ɗaya ya rotsa ta da gora. Tartsatsi ya tashi, wani ya kwarma ihu wai bam ne. Daga nan sai duka ta ko'ina. Sun karya mini hannu, sun zubar mini da haƙori biyu, na kwanta cikin jini suna ta shuri.

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai. Yau a unguwa sunan mahaifiyata “uwar mai bam”. Matan da suka tashi tare da ita sun daina shiga gidanta. Wallahi ban yafe wannan ba.

Ba na neman a kama kowa. Ka sa sanƙira ya zaga kasuwa mai zuwa, ya faɗa da sunana cewa ƙarya aka yi mini. Sannan ka je da ƙafarka ka gai da mahaifiyata. Jiya ta tambaye ni, in ta mutu ko za a sami masu ɗaukar gawarta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya shiryi yaranka.

Wassalam,
Mamman Lawali